Haƙoran Bijimin Baba Sun Isa Kankara

Jama'a, yau ni na sayar da bijimi daga Mabai!

Wani Alhaji a Kankara ya ce sai ya ga haƙoran bijimin Baba kafin azahar, ko ya sayi na wani. Hoton da muka ɗauka a waya ya yi nauyi, sabis ba ƙarfi, ya ƙi tafiya! Yaya Sani ya rage shi, ya fito dishi-dishi. Alhaji ya bugo: "Malam, wannan tsohon ai ba ya da haƙori!"

Baba ya harzuƙa. Na ce, "A ba ƙwararriya wuri!" Na yanke ƙaho da garke daga hoton, na bar baki kaɗai, na ɗan rage nauyin. Fit, ya tafi!

Alhaji ya sake bugowa: "Na ƙirga, yaro ne. Ku kawo shi, amma ku sakace mishi ciyawar nan!"