Kaskon Tsuntsayen Baba

Ɗazu ina shanya gero, kurciya ta sauka a bakin tabarma. Na ɗaga hannu zan kore ta, sai na kasa.

A shekarun tamanin Baba yana aiki a kamfanin man gyaɗa a Bompai. Kullum sai ya murtsuke tunkuza da tsakin gero, ya zuba wa tsuntsaye a kasko.

Da ya kwanta ciwo, aikin ya dawo kaina. Rannan ƙiwa ta hana ni.

"Hajara, kin ba baƙina abinci?"

"Na ba su, Baba."

Ya kasa kunne. "To, yau ba su yi godiya ba."

Bai sake tambayata ba har ya rasu.

Ku ma akwai ƙaramar ƙaryar da har yau take cin ku?