Fuskar da Aka Ara wa Malam Hashimu

Duk wanda ya zauna Batsari a shekarun nan na wahala ya san Malam Hashimu, ko don ƙarar sandarsa da safe a hanyar firamare. Haifaffen Tsaskiya ne. Ƙyanda ta tafi da idanunsa tun yana ɗan yaye, ta bar fatar idon a manne, ko buɗuwa ba ta yi. Kawunsa ya kai shi makarantar makafi a birni, ya koyi karatu da yatsa, ya dawo da takardar malanta, aka ɗauke shi koyar da Hausa da addini.

Kai, mutumin nan akwai tsokana! Yaro na motsi a bayan aji sai ka ji ya ce, "Najib, ina kallonka fa!" Aji ya fashe da dariya, Najib ya natsu.

Da ɓarayin daji suka matsa wa ƙauyukansu, ƙanensa Armaya'u ne ya kwaso shi a babur, shi da matarsa Hansai da yara, suka kama haya a Batsari, aka maido shi makarantar cikin gari. Gona ta zama ta masu bindiga, shanun gado sun bi daji. Abin da ya rage masa a duniya aikin nan ne, da shi ake ci, da shi ake ganin girmansa.

Ana nan sai hukuma ta ce kowane ma'aikaci ya tantance kansa a shafinta na intanet, wanda bai yi ba na bogi ne, a cire shi. Malam bai damu ba, don yana da waya mai magana wadda ke karanta masa saƙo. Ya buɗe shafin, waya ta shiga cewa "hoto, maɓalli, maɓalli", ba ta faɗin na mene ne, don waɗanda suka gina shafin ba su sa wa komai suna ba. Ya haƙura ya tafi shagon Bashar mai kwamfuta, Armaya'u na riƙe da hannunsa.

Komai ya tafi daidai har aka zo kan ɗaukar fuska.

"Malam, na'urar cewa ta yi ka kalli kyamara ka ƙifta ido," in ji Bashar, murya ƙasa-ƙasa.

"Da wane idon, ɗan nan?"

Aka gwada, ta ƙi. Aka fita da shi haske, ta ƙi. Dattijon nan har yatsa ya sa yana jan fatar idonsa sama, hawaye na zuba, mutanen da ke layi suka sunkuyar da kai. Wallahi abin ba daɗin gani. Bashar ya duba shafin sama da ƙasa, babu inda mutum zai ce shi makaho ne. Suka hau mota har Katsina, da hanyar nan mai ban tsoro, aka ce musu a ofis komai yanzu a shafi yake.

Ranar rufewa ta matso. Armaya'u ya ce, "Yaya, to in zauna maka mana. Ai kamarmu ɗaya."

Ba wanda ya ga laifi a nan. Mutanen da ake ɗaura musu aure da wakili, a yi gaisuwar mutuwa da wakili, a raɗa suna da wakili, don me ƙane ba zai wakilci wansa gaban kyamara ba? Armaya'u ya gyara hula ya zauna, ya ƙifta, na'ura ta karɓa nan take. Har addu'a Malam ya yi wa Bashar.

Bayan damina kwamiti ya zo ganin ma'aikata ido da ido. Jami'in ya dubi kwamfutarsa, ya dubi Malam.

"Baba, wannan na hoton idonsa biyu garau. Ba kai ba ne."

Malam ya ba da labari tiryan-tiryan, bai ɓoye komai ba. Hedimasta ya rantse, malamai suka shaida, ga yara can suna leƙowa ta taga.

"Na yarda da kai, Baba," in ji jami'in. "Amma an sa fuskar wani a madadin taka, kuma ni ba ni da ikon gyarawa."

Haka sunan Malam Hashimu ya shiga cikin ma'aikatan bogi. Armaya'u ya kasa haɗa kwano da wansa don kunya, duk da Malam ya yi ta ce masa ba komai. Ƙarshe ya sayar da babur ya tafi cirani kudu.

Malam bai daina shiri da safe ba. Zai sa riga mai guga, ya kafa hula, ya fito bakin hanya inda 'yan makaranta ke wucewa, su gaishe shi ya amsa wa kowa da sunansa. Hansai ta sha ce masa ya shigo rana ta yi zafi.

Wata ranar kasuwa yana zaune, wata baƙuwa daga ƙauye ta tsaya gabansa. Ya miƙe zaune sosai, ya zaci uwar wani ɗalibi ce ta zo tambaya. Sai ta kamo hannun rigarsa, ta sa masa ƙosai mai ɗumi a tafin hannu.

"Ga sadaka, bawan Allah. A yi mana addu'a."

Ya buɗe baki zai ce mata shi malamin makaranta ne. Sai ya fasa. Can ya ce, "Allah ya karɓa."