Gaisuwar Da Na Yi a Bakin Rijiya

Ni da aminina yasar rijiya muke yi, daga Matankari har Sukukutane. Ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba, rijiyar siminti kuwa a bakin masu neman ƙuri'a kawai muke jin ta. Shi ke nutso, don ya fi ni dogon numfashi, ni kuma ina sama riƙe da igiyar da ke ɗaure a ƙugunsa. Ƙa'idarmu ɗaya ce: muddin kansa na cikin ruwa, ba magana, ba waiwaye. In ya ja igiya sau biyu, in fizgo shi. Yakan tsokane ni wai ko kunama ta hau mini ƙafa, in ba ta haƙuri sai ya fito.

Wata hantsi makiyaya suka kira mu, laka ta cika musu rijiya, ta haɗiye guga. Ya sauka, ya ja numfashi, ya nutse. Igiya na zamewa a tafina, sai na ji sallama a bayana. Surukina ne a kan jakinsa, wata biyu ke nan da ya ba ni 'yarsa.

Wa ke barin suruki da sallama a baki? Jikina ya riga hankalina. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na sunkuyar da kai, igiya ta yi sako-sako a hannuna.

"Ina gajiya? Ina ɗiyata? Ina tsohuwarka?"

"Lahiya lau, Baba."

Tsoho ne mai jan gaisuwa, har gero sai da ya tambaya. Can ya ce, "Mi kaka riƙe da shi hakanan?"

Na zabura na ja. Nauyi kawai na ji, ba motsi. Makiyaya suka kama mini muka fito da shi, tsohuwar igiyar guga ta naɗe masa ƙafa. Muka kifa shi, muka danna, bai farfaɗo ba.

Wasu suka ce Doguwa ce, aljanar rijiyar, wasu suka ce kwana ya ƙare. Ba wanda ya zarge ni. Surukina ma har ya rasu yana yabon ladabina, kuma ba abin da ke ƙona mini rai kamar yabon nan.

Ranar sadakar uku uwar aminina ta kira ni gefe. "Ɗana, ya ja igiya?"

Na ce, "Bai ja ba, Inna."

Ta gyaɗa kai, ta sa mini albarka. Gaskiyar ita ce ban sani ba, kaina na ƙasa ina gaisuwa.