Motar da Injiniya Kaɗai Ke Iya Tayarwa

"Ba zagi ba ne, Maman Biyu, halitta ce. Wani an ba shi ƙafar tuƙi, wani ba a ba shi ba."

"Na saki kulocin a hankali, yadda ka ce."

"To wa ya kashe motar? Ni da ke zaune a gefe, ko aljanu?"

"Ka ƙara mini ko mako guda ne. Sun ce in ban kawo lasisi ƙarshen wata ba, wani za su ba."

"Su ba shi mana! Kin fi son su ba ki mota ki je ki hau kan 'ya'yan mutane?"

Nas, ma'aikaciyar jinya maƙwabciyarsu, tana tsaye a kicin ɗinta, butar shayi a hannu, tana jin komai. Bangon da ya raba kicin ɗin da falon maƙwabtanta sirara ne, har ƙarar cokalinsu yakan ratso. Ba ta kasa kunne ba, amma kuma ba ta kunna famfo don ya rufe maganar ba. Haka ake yi duk Asabar bayan darasin tuƙi. Ta ji Injiniya, mijin Maman Biyu, yana kaɗa makullai yana fito da baki, kamar wanda ya ci wata gasa.

Kowa a gidan hayar ya san zancen. Maman Biyu tana aiki a wani kamfani mai rarraba magunguna ga ƙananan asibitoci, an ce za a ɗaga ta zuwa mai zagayen duba shaguna, a ba ta motar ofis, amma babu direba. Ita za ta tuƙa. Mijinta kuwa ya daɗe yana koya mata, tun tagwayensu na rarrafe har ga shi suna ɗaukar jakar makaranta, kuma har yau ba ta taɓa fitar da motar daga ƙofar gida ba tare da ta mutu ba.

Shi Injiniya ba injiniya ba ne. Fanka ya taɓa gyarawa a wani ɗaki da ya zauna da abokai yana saurayi, wani ya kira shi haka don tsokana, shi kuma ya rungumi sunan ya ƙi saki. Ɗan auta ne a gidan maza da yawa, duk sun fi shi tsawo da baki. Da ba a san abin da za a yi da shi ba, sai aka riƙa ba shi riƙon makulli: na ɗakin ajiya, na akwatin rediyo, na keken babansu. A nan ya gano abin da ya zame masa sana'a har girma, wato mutum ba ya bukatar iya komai in dai sai an bi ta kansa. Yayyensa da ba sa kallonsa sukan zo su tsaya suna cewa, "Auta, ina makullin?" Shi kuma sai ya laluba aljihun da ya san babu.

Da ya girma ya sami aikin da ya dace da shi kamar an ɗinka masa, mai kula da sito a wani kamfanin fenti. Direbobin manyan motoci sukan yi layi a rana suna jiransa, yana ciki yana goge tabarau. A gida ma haka. Na'urar canza tashar talabijin tana aljihun rigarsa. Lambar sirrin intanet ɗin gidan shi kaɗai ya sani, ya zaɓo mai tsawon da ko shi sai ya yi kuskure. Ba ya duka, ba ya hana abinci, ba wanda zai ce ya taɓa jin ashar a bakinsa. In ana lissafa mazan kirki a layin, da sunansa ake farawa, domin kullum da safe shi ke kai matarsa aiki, gwiwar hannu a tagar mota, da yamma kuma ya ɗauko ta. Abin da masu yabon ba sa gani shi ne yamma. Nas takan wuce ta gaban kamfanin a hanyarta daga asibiti, ta ga Maman Biyu tsaye a bakin get, jaka a kafaɗa, kowa ya watse, maigadi har ya gaji da ba ta kujera. In Nas ta tsaya ta ce ta shigo motarta, sai Maman Biyu ta ce, "A'a, Anti, yana hanya. In ya zo bai same ni ba ransa zai ɓaci." Ba aiki ke riƙe shi ba. Yana son ya shawo kwana ya hango ta tsaye tana leƙen hanya.

Wata safiya motarsa ta tare ta Nas a tsakar gida, ita kuma tana sauri, shi yana wanka. Maman Biyu ta zaro makullin daga wandonsa da ke rataye, kamar mai sata, ta miƙa wa Nas. Nas ta fara tuƙi tun kafin Injiniya ya san inda ake zuba mai, ta tuƙa motar asibiti a hanyoyin da babu kwalta. Ta shiga, ta sa giya lamba ɗaya, ta ɗaga ƙafa. Motar ta yi tari, ta girgiza, ta mutu. Ta sake tayarwa, ta sake mutuwa.

Sai ga shi da tawul a wuya, kumfa a bayan kunne, fuskar nan kamar an yi masa albishir.

"Anti Nas! Har da ke? To Maman Biyu, kin ga ba ke kaɗai ba ce. Matsa, matsa, wannan ba irin motocinku ba ce. Tana da mai ita."

Ya zauna, ya taka totur har injin ya yi kururuwa, ya riƙe kuloci rabi da rabi, motar ta ja jiki da ƙyar kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ƙaurin abu mai ƙonewa ya cika tsakar gidan. Ya fito yana murmushi, ya shafa bonet.

Nas ta tafi aiki wannan murmushin yana cin ranta. In za a faɗi gaskiya, ba tausayin maƙwabciyarta ne ya fara motsa ta ba. Shekara da shekaru tana jin rigimar ta bango tana shan shayinta. Sai da aka yi mata dariya da kumfa a kunne sannan ta ga akwai zalunci a gidan.

Bakanikensu ɗaya, wani mai surutu da ke aiki a rumfar kwano bayan gidan mai. Ranar da ta kai motarta canjin baƙin mai, ta zauna a kan benci ta ce kamar da wasa, "Motar maƙwabcina ta kusa mutuwa ko? Ko tashi ba ta iya yi."

"Ta Injiniya? Haba Hajiya, aikina ne fa." Ya goge hannu a wando, ya nuna wani dunƙulen ƙarfe a lungu, an rufa masa buhu. "Ga akwatin giyarta na asali can. Lafiyarsa ƙalau, ko ƙara ba ya yi. Shi ya sa na cire. Ya je ya samo na wata babba mai shan gas, irin kamfaninsu ɗaya, ya ce in ɗaura. Sai da na yi kwanaki ina sassaƙa kafin ya zauna."

"Me ya bambanta su?"

"Haƙora. Kin ga lamba ɗaya an yi ta ne don ta ɗaga mota daga tsaye, injin ya juya da yawa, taya ta juya kaɗan. To na wancan akwatin, lamba ɗayansa kusan lamba biyun wannan ce. Babban inji zai ja, ko a jikinsa. Ƙaramin inji irin nasa kuwa, kamar ki ce wa yaro ya fara hawa bene daga mataki na uku. Amma fa in ta hau babbar hanya ta miƙe, ba ruwanta, injin ya kwanta luf, ga sauƙin mai. Abin da ya ce yana so ke nan."

"Babbar hanya," in ji Nas. "Daga gida zuwa kamfanin fenti akwai babbar hanya?"

Bakanike ya yi dariya har da dukan taya. "Ni ma na tambaya. Kuloci kuwa yana cinye shi kamar gara, kullum yana nan. Na ma ce masa, Oga, wannan ko ƙwararre sai ya yi da gaske, ɗan koyo kam ba zai taɓa ɗaga ta ba. Don na ga allon 'yan koyo a kujerar baya, sabo fil, ko daga leda ba a cire ba."

"Me ya ce?"

"Ya ce in ɗaura."

Nas ta dubi ƙarfen da ke ƙarƙashin buhu. Ta yi ƙoƙarin hango mutumin yana yawo kasuwar kayan mota a rana, yana tambayar adadin haƙora, yana kwatanta wannan da wancan, mutumin da ko ƙwan fitila ya mutu sai ya kira mai gyara. Sau ɗaya a rayuwarsa ya yi aikin injiniya na gaske, kuma ya yi shi da kyau.

Ba ta faɗa wa Maman Biyu komai ba tukuna. Ranar Lahadi ta ce ta raka ta sayayya, ta wuce kasuwar, ta shiga wani fili a bayan masana'antar da aka rufe, ta kashe mota ta fito.

"Dawo nan, kujerar direba."

"Anti, don Allah. Zan lalata miki ita. Gobe ma zan je in ce wa manaja ya ba wani, in huta."

"In kin lalata tawa ce. Shiga."

Ta shiga tana salati. Ta gyara madubi, ta duba giya, ta taka kuloci har ƙasa, komai a tsare, domin ba ta manta ko ɗaya daga cikin dokokin da aka yi shekaru ana karanta mata ba. Ta ɗaga ƙafa a hankali, kafaɗunta a ɗage, tana jiran girgizar nan da ta saba.

Motar ta tafi. Haka kawai, sumul.

Maman Biyu ta taka birki da ƙarfi har goshin Nas ya kusa bugun gilashi.

"Me ya faru?"

"Ba abin da ya faru. Kin tuƙa mota."

Ta sake gwadawa, ta tafi. Ta tsaya, ta sake. Ƙafar da ta yi shekaru tana lallashin motar da ba ta lallasuwa ta zama mai laushin da Nas ba ta taɓa gani a ɗan koyo ba. Sai da suka zagaya filin har ƙura ta lulluɓe su, sannan Nas ta gaya mata zancen akwatin da ke ƙarƙashin buhu, da allon da ke cikin leda.

Ba ta yi kuka ba. Ta riƙe sitiyari da hannu biyu tana kallon bangon masana'antar.

"Duk lokacin da ƙaurin nan ya tashi," ta ce, "cewa yake ni nake ƙona masa kuloci. Har haƙuri nake ba shi, Anti. A gaban yara."

"Za ki yi masa magana?"

"In ce me? Zai ce don babbar hanya ne." Ta sa giya. "Nuna mini ribas."

Bangon kicin ya yi shiru a makonnin da suka biyo baya. Ranar Asabar Maman Biyu takan ce kanta na ciwo, Injiniya kuma ya karɓi uzurin da saurin da ya kamata ya ba shi kunya. Yamma kuwa ta daina tsayuwa a get. Takan ce masa aiki ya yi yawa, Anti za ta biyo da ita. Filin nan suke wucewa su biyu, har ta sami lasisi. Shi ya ɗauka ta haƙura, har ya sayo mata turare. Nas ta gan shi ta taga yana wanke motarsa yana waƙa, ta ji wani daɗi marar kyau ya ratsa ta, ba ta kuma kore shi ba.

Ranar da abin ya fito fili, da safe ne, lokacin da kowa ke fita. Injiniya ya fito ƙofar falonsa da makulli a yatsa, ya buɗe baki zai kira ta kamar kullum. A bakin get akwai wata farar mota mai tambarin kamfanin magunguna, wadda wani abokin aikinta ya kawo ya sauka. Maman Biyu ta wuce mijinta da tagwaye a hannu, ta ce, "Yau ni zan sauke su, ka huta." Ta ɗaura musu bel, ta zauna, ta gyara madubi. Motar ta ja baya tsaf, ta juya, ta hau titi, ko tari ba ta yi ba.

Matar mai gidan haya ta saki tsintsiya. Tela na shagon gaba ya leƙo. Injiniya yana nan tsaye, makullin ya daina juyawa a yatsansa, takalmi ƙafa ɗaya a saye, ɗaya a hannu. Nas ta ga idonsa ya sauka kan motarsa, ya dawo kanta, ta ga ya gane cewa ta sani. Ta tsaya a ƙofarta da kofin shayi, ba ta da niyyar sauƙaƙa masa.

Ya dubi tela, ya dubi matar mai gida. Sannan a hankali ƙirjinsa ya fara tasowa, ya jingina da ƙyauren ƙofa, ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Kin gani ko, Anti Nas? Da gangan na sa mata mai wuyar. Yanzu ki gaya mini, wace mota ce za ta gagare ta?"