Babbar Rigar Baba

Ɗiyar ƙanena tana jami'a Sakkwato, an ba ta bincike kan yadda ma'aikatan gwamnati ka samun ƙarin girma. Taz zo gida Wurno, ta aje waya gabana, tac ce, "Baffa, mi ka sa a ƙara ma ma'aikaci girma? Takardu, ko daɗewa, ko sanayya?" Nic ce mata riga. Taɗ ɗauke wayarta, wai ni ban da aiki sai ba'a. To wallahi riga ta.

Sa'ad da nike sashen gona Goronyo, akwai wani dattijo cikinmu, malamin gona, kowa Baba yaka ce mishi. Shi yak koya muna aiki, har da yadda ake ƙetare ruwa da babur ba a jiƙa wando ba. Shina da wata babbar riga ta shadda, shuɗiya, aikin hannu tun daga wuya har cibiya. In an baza ta, sai ta ruhe motar kasuwa da kayanta da kwandasta. Duk wanda anka kira Sakkwato intabiyun ƙarin girma, ita za shi ara. Ban san wa yaf fara ba. Mun dai iske wanda duk yas shiga da ita sai ya hito da dariya. Labari yak kai Rabah, yak kai Marnona, har malaman makaranta da ma'aikatan asibiti sunka riƙa zuwa aro.

Baba bai taɓa hanawa ba. Sharaɗinai guda: kada a ci goro cikinta. An ci. Wani ya ƙona mata gehe da salansar babur. Ni da nis sa ta, da yake Allah bai ba ni tsawo ba, sai da nis share rabin titin Sakkwato kyauta. Baba yad dube ni yac ce, "Kai ɗan nan, kai ka sanye da rigar ko ita ka sanye da kai?" Amma na samu.

Kowa ya samu, sai mai riga. Shekara ta zo ta wuce, sunanai ba ya hitowa. Yaran da yak koya ma auna taki sunka zan manyanai. Mu kuwa ba mu bar tsokanatai ba.

"Baba, ko rigar taka baƙi kaɗai taka so?"

"Ku bar ta, ja'irai. Aje nawa takai, ya hi naku girma."

Shina dariya, amma na sha ganinai in an kawo labarin wani ya samu, sai ya yi mishi barka da hannu biyu, ya hita ya tsaya bakin taga ta waje shina kallon babura. Ba wani abu yaka nema ba. So shikai kahin ya aje aiki a ce shi ma an ɗaga shi sau guda, ya tahi gida ya gaya ma iyali.

Sai ga shi ana sauran 'yan watanni ya yi ritaya anka kira shi. Ohis ya ɗauka awa ranar suna. Matsala guda: rana guda anka kira shi da wani ƙanenmu wurin aiki, ɗan garin Gandi, wanda tuni ya karɓi rigar ya kai wanki da guga. Ɗan Gandi yac ce ya hwasa, Baba ya sa abinai. Baba yac ce ba a aro a amshe. Ni nib ba da dabara: tunda ɗakunan intabiyun biyu na, ɗan Gandi ya shiga ya hito, a tuɓe bayan gini, Baba ya zura. Kowa yac ce kaina na ja.

Munka raka su. Ɗan Gandi yas shiga da riga shina baza hannuwa awa za shi tashi sama. Baba na zaune bisa benci da tsohon kaftani, hula sabuwa, takalmi ya sha mai. Ko minti biyar ba a yi ba anka leƙo daga ɗayan ɗakin anka kira shi. Nic ce, "Baba, bari in ce ka tahi kewaye." Yac ce, "Da girmana?" Yat tashi, yag gyara hula, yas shiga hakanan. Bayan kaftanin duk ya tamuƙe da zaman mota. Har yau in na ruhe ido bayan nan nika gani.

Ɗan Gandi ya samu. Baba an ce ya ci intabiyu, amma babu gurbi. Yay yi ritaya bisa matakin da muka iske shi.

Yanzu shina noman albasa ƙasan madatsar ruwan Goronyo. Nikan hau babur in tahi in na ji kewa ta dame ni, kuma tana damuna da yawa, don ohis ya zan wurin sa hannu a watse. Ɗan Gandi ba ya iya zuwa, kunya yaka ji, sai dai ya ba ni saƙon gaisuwa. Zuwan da niy yi na baya na iske Baba cikin ruwa har ƙwauri shina gyaran kwamin albasa. Tun daga nesa niɗ ɗaga murya, "Ranka shi daɗe, Darakta!"

Yaɗ ɗago shina murmushi, yac ce, "Ƙara hwaɗi, ɗan nan. Iska na kaɗawa, ban ji da kyau ba."

Niƙ ƙara hwaɗi.