Layin Tsakiya

A ofis Uwar Jeri suke ce mata, tun tana ɓata rai har ta saba. Kamfanin ƙarami ne, ɗaki biyu a saman wani shagon fenti, kuma duk manhajar wayar da za a yi, in dai akwai dogon jerin da mutum zai zaɓi abu ɗaya a ciki, teburinta ake kawowa. Sauran ma'aikatan gani suke aikin gundura ne. Ita kuwa shekara shida ta yi a ɗakin kati na wani asibiti kafin ta koyi wannan sana'a, tana laluben suna ɗaya cikin dubu, mai sunan yana tsaye bakin taga yana nishi. Ta san abin da dogon jeri yake yi wa mutum.

Abin da ta yarda da shi ɗaya ne: kowace waya da irin sabon da ta koya wa yatsun mai ita. Masu wata irin waya sun saba da jeri mai juyawa kamar taya, abin da ya tsaya a layin tsakiya shi aka zaɓa. Masu ɗaya irin kuwa, abin da suke so suke taɓawa, alama ta fito a gefensa.

Da aka kawo aikin wani kantin magani, Manaja ya ce tayar za a sa wa kowa.

"Ta fi kyau a ido, kuma aiki ɗaya ne maimakon biyu."

"Ranka ya daɗe, masu ɗaya wayar ba su saba da..."

"Za su saba. Uwar Jeri, in na biye miki sai mun yi wa kowane yatsa manhajarsa."

Aka yi dariya. Ita ma ta murmusa, ta koma ta yi tayar, ta gwada ta a ofis da yatsun da suka riga suka san kanta.

Babanta tela ne, shekara uku ke nan da rufe shagonsa, sai ɗan gyaran kayan jikoki da na maƙwabta. Abin alfaharinsa a duniya shi ne bai taɓa ɓata yadin kowa ba. Ita ta sa masa manhajar da hannunta a wayarsa, irin wadda ake taɓawa, don ya huta da bin layi duk wata wajen karɓar maganin hawan jini. Watan farko ita ta aika wa kantin saƙon maganin a madadinsa. Na biyu ya ce shi ba yaro ba ne.

Wata Laraba ƙanwarta ta kira ta tana kuka, Baba ya yanke jiki ya faɗi a bakin famfo. Likita ya duba kwalin maganin ya ce ƙwayar mai lamba goma ce, alhali mai biyar aka rubuta masa. Kwana tara yana sha.

Da aka sallamo shi, ta zauna gefen gadonsa ta ce ya nuna mata yadda ya yi. Ya gyara tabarau, ya ja jerin a hankali har sunan maganin ya bayyana, ya ɗora yatsa daidai kan mai biyar, ya danna aikawa. Mai goma na zaune a layin tsakiya.

"Kin gani, uwata? Biyar nake gani na taɓa, takarda kuma ta ce goma. To, kan ne ya fara tafiya."

Ya miƙa wa ƙanwarta wayar ya ce ta riƙe. Washegari ya lulluɓe keken ɗinkinsa da tsohon zane. Maƙwabciya ta kawo wandon makarantar ɗanta a rage masa tsawo, ya ce ta kai wani wurin, kada ya yi mata ɓarna. Ko gishiri ya nema a abinci sai ya tambaya ko ya riga ya sa.

Ta gyara jerin cikin kwana biyu, ba ta nemi izinin kowa ba. Manaja ya duba, ya sosa ƙeya, ya ce a tura gyaran, amma kada maganar ta fita daga ɗakin nan, don in kantin ya ji sun rasa shi.

Mako guda tana haɗiye maganar. Ran Asabar ta tarar da Baba zaune yana kallon keken a rufe, sai ta durƙusa gabansa.

"Baba, ba kanka ba ne. Daidai ka taɓa. Ni na yi abin yadda ba ya jin taɓawa."

Ya juyo gare ta.

"Ke kika ɗinka, ba ki gwada a jikin mai kaya ba?"

"Ban gwada ba, Baba."

Ya kai hannu ya kama bakin zanen da ke kan keken, bai yaye ba.

"Masu irin wayata nawa ne suke karɓar magani a nan?"

Ta san adadin, ta duba shi ya fi sau goma. Ɗari uku da sha biyu.

"To su," in ji shi, "wa zai je ya durƙusa ya gaya musu?"