Gwanki Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Baba Sashe ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa sunan. Shekara ashirin da takwas yana aiki a gandun dajin ƙasa, kuma shi ke riƙe da makullin ɗakin da ake ajiye kayan da aka kama: tarkon waya, gatura, bindigogi masu tsatsa, ƙaho da fatu, kowanne da takardarsa ɗaure da zare. Ka ce ka tsinci busasshen itace a bakin iyaka, kafin ka rufe baki ya faɗa maka sashen dokar da ka karya. Ko matarsa ba ta tsira ba. Ta taɓa tsinto gashin tsuntsu za ta yi mafici, ya sa ta mayar inda ta gan shi.

Abin tinƙahonsa ɗaya ne a duniya, marigayi mahaifinsa. Maharbi ne na ji da gani, amma ranar da aka karanta dokar kafa gandun ya saɓi bindigarsa ya kai ofis da kansa. Duk mai laifin da aka kawo sai ya sha wannan labarin kafin ya sha ruwa, har ma'aikata sun haddace shi.

Bana aka fito da sabuwar doka. Duk mai fata ko ƙahon naman daji da ya mallaka tun kafin a kafa gandun, ya kawo a yi rajista cikin kwana casa'in. Wanda aka samu da na bayan kafawa kuma ya shiga uku, in ma'aikaci ne aikinsa ya tafi. Baba Sashe ya yi murna har kunne, don akwai fatar gwanki a gidansu wadda tsohuwarsa ke zama a kai, an yi mata shafi da baƙin yadi ta ƙasa. Yana so sunansa ya zama na farko a rajistar.

"Bar mini abina," in ji tsohuwar. "Ƙasa da sanyi."

"Inna, yau ɗin nan zan dawo miki da ita."

Ya shimfiɗa mata tabarma, ya naɗe fatar ya ɗaure a bayan keke.

Likitar dabbobi ce ke duba kayan, yarinya ce sa'ar 'yarsa. Ta shimfiɗa fatar a kan tebur, ta ce sai ta ga bayanta, ta sa reza ta farke ɗinkin. A wajen cinya, inda gashi ya rufe ta sama, ga tabon ƙarfe mai zafi nan raɗau: ɗaya da bakwai.

"Baba," ta ce a hankali, "namun da ke yawo tun kafin doka ba su da lamba."

Bai buƙaci ta faɗa masa ba. Gwanki ashirin aka kawo a mota shekara shida bayan kafa gandun, aka ɗora wa kowanne lamba. Na goma sha bakwai ya ɓace, kuma fayil ɗinsa na cikin kabad ɗin da Baba Sashe ke kaɗe wa ƙura duk Litinin. Mai gadin wannan yankin aka kama da zargin ya sayar da shi, ya yi wata shida a kurkuku, aka kore shi. Yanzu facin taya yake yi a gindin bishiya kusa da ƙofar shiga. Gurbin da ya bari kuwa, shi aka ba Baba Sashe.

Ya zauna a kan akwatin tarko. Likita ta tura masa fom, ta ce ya je da shi ya cika a nutse, ita ba ta rubuta komai ba tukuna.

Ya tarar da tsohuwar a kan tabarma tana tsince shinkafa a faranti.

"Inna, wa ya ɗinka yadin nan?"

"Ni."

"Kin san abin da ke ƙasa?"

"In ban sani ba me zan rufe?" Ba ta ɗago kai ba. "Kana birni shekara biyu kana yawo da takarda, takalminka ya huje. Babanka ya je ofishin nan sau uku, suna ce masa babu gurbi. Ya ari bindiga, ya samar maka gurbi."

Wannan ta fi ta farkon zafi. Da yunwa ce ta sa tsohon ya yi harbi, da Baba Sashe ya sami abin da zai riƙe. Ashe zaɓar yankin ya yi, ya san wanda za a kama. Ya dubi bangon ɗakin, da kwanon rufi, da takardun makarantar 'ya'yansa a jikin firam, duk daga albashin nan suka fito.

Washegari ya cika fom ɗin. A layin da aka ce wa ya kashe dabbar ya rubuta sunan mahaifinsa cikakke, ya danna biro har ya huda takardar. Ya ɗora makullin ɗakin ajiyar a kai, ya miƙa wa Likita, ya tura kekensa zuwa gindin bishiya.

Mai faci na durƙushe yana nutsa tiyub a bahon ruwa. Shekara da shekaru Baba Sashe na wucewa ta nan bai taɓa yi masa sallama ba, ko tayarsa ta sace gara ya tura keken har kasuwa. Yau ya cire hula ya tsuguna, ya faɗi komai bai rage ba. Yana jira mutumin ya zabura, ko ya zage shi, ko ya yi kuka.

Mai faci ya sa yatsa a inda kumfa ke fita.

"Ai na sani," ya ce. "Da na zo ta'aziyyar babanka, fatar aka shimfiɗa mini na zauna. Akwai farin tabo a kafaɗarta, ni na sa wa gwankin magani da waya ta yanke shi."

"Shekara goma sha tara kenan. Me ya hana ka faɗa?"

Sai a lokacin mai faci ya ɗago ya dube shi.

"Na faɗa. Kai na faɗa wa, a ƙofar gidanku, ranar. Ka ce ɓarawo ba ya rasa wanda zai laƙa wa, ka sa aka fitar da ni."

Baba Sashe ya buɗe baki zai ce bai tuna ba, sai ya ga ya tuna, har da kalar rigar da mutumin ya sa a ranar.